Addu'ar Tunawa da Mamata a Majami'ar Yahudawa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya zauna a birane irin su Landan, Niyok ko Faris, ba abin mamaki ba ne wata rana maƙwabcinsa ko abokin aikinsa Bayahude ya yi rashi, a gayyace shi majami'a ko gidan makoki. Su suna kiran majami'ar tasu Bet Keneset, wato gidan taro, waɗanda kakanninsu suka fito daga gabashin Turai kuma suna cewa shul. Ga tambayoyin da baƙo ya fi yi kafin ya je.

Addu'a ɗaya ce ake yi wa mamaci, ko suna da yawa?

Suna da yawa, kuma mutane kan cakuɗa su. Akwai Kadish, wadda mai makoki ke karantawa kullum a cikin jam'i. Akwai Yizkor, ma'anarta "Allah Ya tuna", wadda ake yi sau huɗu a shekara. Akwai El Male Rahamim, wato "Allah mai cikar rahama", wadda mai jan addu'a ke rerawa da murya mai sanyaya jiki a wajen jana'iza da lokacin Yizkor. Waɗannan biyun na ƙarshe al'adar Ashkenazawa ce, Yahudawan da asalinsu Jamus da gabashin Turai. Safardawa, waɗanda suka fito daga Andalus da Maroko da ƙasashen Gabas ta Tsakiya, tasu addu'ar sunanta Hashkaba. Mutum kan nemi a karanta ta da sunan mamacinsa bayan an kira shi ya tsaya gaban Attaura.

Me Kadish take cewa game da mamacin?

Ba ta cewa komai. Wannan shi ne abin da ya fi ba baƙo mamaki. Babu kalmar mutuwa a cikinta, babu kabari, babu sunan wanda ya rasu. Ta fara da "A girmama, a tsarkake sunanSa mai girma a duniyar da Ya halitta bisa nufinSa", ta roƙi zuwan mulkin Allah, ta ƙare da roƙon salama. Mafi yawanta da Aramanci take, harshen da talakawan Yahudawa ke magana da shi a zamanin da aka rubuta Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malamansu, sai jimlar ƙarshe ce da Ibrananci. A nan ne mai karatu ke ja da baya taku uku, ya ɗan rusuna hagu da dama da gaba.

Asalinta ma ba addu'ar makoki ba ce. Da ita ake rufe darasin malamai. Sai a wajajen ƙarni na 12 da na 13, a ƙasar Jamus, ta zama ta marayu. Akwai wata hikaya da ta yaɗu a lokacin game da Rabbi Akiba, babban malamin ƙarni na biyu. An ce ya gamu da wani mamaci yana ɗauke da itacen da ake azabtar da shi da su, mamacin ya ce ba zai sami sassauci ba sai ɗansa ya tsaya gaban jama'a ya yabi Allah, jama'a sun amsa. Malamin ya nemo yaron, ya koya masa karatu, ya tsayar da shi a majami'a.

A ganina ma'anar tana nan a fili ko da an ajiye hikayar. An ɗauki mutumin da zuciyarsa ta fi ta kowa karyewa a cikin ɗakin, an ce shi zai miƙe ya ce Allah mai girma ne, sauran su amsa masa.

Me ya sa ake cewa sai an cika mutum goma?

Saboda Kadish kira ce da amsa. Mai makoki ya faɗi nasa, jama'a su amsa da "Amin, albarka ta tabbata ga sunanSa mai girma har abada abadin". Wannan amsar ita ce zuciyar addu'ar, kuma ba a yin ta sai da miniyan, wato Yahudawa goma da suka kai shekara 13. A majami'un Otodoks, masu riƙon gargajiya, maza kaɗai ake ƙirgawa. A na Rifom, masu sassauci, da mafi yawan na Konsabatib, masu tsaka-tsaki, mata ma suna cikin lissafi.

Dokar tana da tsauri. A ƙananan garuruwa, da sanyin asuba, za ka ga mutum tara suna jiran na goma, ana buga waya gida-gida. A shekarar 2020, da annobar korona ta rufe majami'u, an yi muhawara mai zafi kan ko za a iya haɗa goman ta intanet. Wasu malaman Konsabatib sun ba da dama saboda larura, akasarin malaman Otodoks suka ce a'a, sai an haɗu a wuri ɗaya. Amma duba abin da dokar ke yi wa mai makoki: ba ta barin sa ya kulle kansa a ɗaki. Safe da yamma da dare dole ya fita ya nemi mutane, su kuma dole su zo dominsa.

Baƙon da ba Bayahude ba ne ba ya shiga cikin goman. Idan aka tambaye ka a bakin ƙofa, ka faɗi gaskiya kai tsaye, domin kada a ƙirga da kai a yi addu'ar da ba ta cika ba.

Har tsawon wane lokaci ake karanta ta?

Ga iyaye, wata goma sha ɗaya. Ga sauran makusanta, wato miji ko mata, ɗa ko 'ya, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kwana talatin. Dalilin goma sha ɗayan shi ne, a cikin Mishna, tsohon kundin shari'arsu, an ce hukuncin miyagu a Jahannama wata goma sha biyu ne. Wanda ya cika wa mahaifinsa goma sha biyu cif, kamar ya shaida cewa mahaifin nasa yana cikin miyagu ke nan. Sai a rage wata ɗaya don girmama shi. Sauran dokokin makokin iyaye, kamar ƙaurace wa bukukuwa da kiɗa, suna kaiwa wata goma sha biyu. A wasu majami'u mai makoki kan bar kujerar da ya saba zama ya koma wata har shekarar ta cika, don haka idan ka ga dattijo ya bar sahun gaba ya koma baya, ba faɗa aka yi ba.

Yaushe ake Yizkor, kuma daga ina ta samo asali?

Ana yin ta a Yom Kippur, wato Ranar Kaffara, sai kwana goma sha biyu bayan nan a ranar Shemini Atzeret da ke biyo bayan Idin Bukkoki, sai ranar ƙarshe ta Idin Ƙetarewa, sai Idin Makonni. Tana zuwa da hantsi, bayan karatun Attaura. Kowa na karanta tasa a hankali, ya ambaci sunan mamacinsa da Ibrananci, wane ɗan wane, ya yi alkawarin ba da sadaka dominsa. Wasu da sunan uba suke ambata, wasu da sunan uwa.

Tushenta yana da ɗaci. A shekarar 1096, mayaƙan Salibiyya na farko da ke kan hanyarsu ta zuwa Ƙudus sun afka wa Yahudawan biranen Speyer da Worms da Mainz a gaɓar kogin Rhine, suka kashe jama'a masu yawa. Waɗanda suka tsira suka fara rubuta sunayen waɗanda aka kashe a littattafai, ana karantawa a majami'a. Ɗaya daga cikin mafi tsufa shi ne na birnin Nuremberg, wanda aka fara a 1296. Da farko a Ranar Kaffara kaɗai ake tuna mamata, daga baya al'adar ta shiga sauran idi ukun.

Yizkor ba ta buƙatar mutum goma. Marar lafiya ko tsoho na iya yin ta a gida. Duk da haka, ita ce ke cika majami'a. Mutanen da ba a ganin su duk shekara sukan zo don waɗannan 'yan mintoci.

Na ga ana gab da farawa sai rabin majami'a ya tashi ya fita. Me ya faru?

Waɗanda iyayensu biyu ke raye ne suka fita. Gabbai, mai kula da tsarin majami'a, kan buga teburi ya ce "Yizkor", sai yara da matasa da duk mai uwa da uba su nufi ƙofa. Al'ada ce, ba doka ba, kuma an ba ta dalilai da dama.

Na farko shi ne tsoron ayin hara, mugun ido, abin da ke kusa da wanda muke kira kambun baka. Ana gudun kada maraya mai hawaye ya dubi wanda iyayensa ke raye, zuciyarsa ta raya masa wani abu. Na biyu, ana gudun kada mai iyaye ya bi jama'a da karatu bisa kuskure ya ambaci rayayye cikin matattu, su kuma suna da karin magana cewa kada ka buɗe wa Shaiɗan baki. Na uku, ba kyau jama'a na addu'a wani na tsaye shiru a tsakiyarsu. Na huɗu, ranar idi ranar farin ciki ce. Maraya yana samun sauƙi idan ya yi kukansa, wanda bai yi rashi ba kuwa babu dalilin jefa shi cikin baƙin ciki.

A zamanin nan malamai da yawa, musamman a majami'un Rifom da Konsabatib da wasu na Otodoks, suna roƙon kowa ya zauna. Hujjarsu ita ce, bayan kisan Yahudawa miliyan shida a hannun 'yan Nazi, akwai dangogi da aka shafe gaba ɗaya, babu wanda ya rage da zai ambace su, don haka kowa yana da wanda zai tuna. Wasu majami'un sun raba gardama: masu fita su fita lokacin addu'ar iyaye, a kira su su dawo lokacin addu'ar gama-gari. Akwai kuma iyayen da ransu ke ɓaci ƙwarai idan suka waiwaya suka ga ɗansu zaune, musamman tsofaffi, sai yaro ya fita don kwanciyar hankalinsu ko da shi bai yarda da camfin ba. Wannan ɗan ya yi daidai.

Ni dalilin da ya fi kwanta mini shi ne wanda ba a cika rubutawa ba. Idan aka rufe ƙofa, duk wanda ya rage a ciki ya san ɗacin rashi. Babban mutum na iya zubar da hawaye ba tare da jin kunyar 'ya'yansa ba. Saboda haka abin da ya fi zama laifi ba fita ko zama ba ne, hayaniyar waɗanda suka fita ce. Sau da yawa sukan taru a baranda su ɓarke da hira da dariya, muryarsu na shiga ta ƙofa har kunnen mai kuka. Idan ka fita, ka yi nisa da ƙofar ko ka yi shiru. Abin ba ya wuce minti goma zuwa ashirin.

To ni baƙo, in fita ko in zauna?

Ka tambayi wanda ya gayyace ka tun kafin a shiga. Idan ba ka samu dama ba, ka dubi abin da mutane ke yi. Inda ake fita kuma iyayenka na raye, ka bi su. Inda kowa ke zaune, ka zauna.

Wanda ya yi rashi a cikin shekarar fa?

An saɓa. Wasu ba sa yin Yizkor sai shekara ta zagayo, don ciwon ɗanye ne, ana gudun kukansu ya rinjayi na sauran. Wasu malamai na cewa a yi tun idin farko. Kowa na bin al'adar gidansu.

Zan iya zuwa kawai in shiga?

Gara ka sanar tukuna. Majami'u da yawa a Turai da Amurka suna da masu gadi, kuma suna da dalili. Ranar 27 ga Oktoba 2018 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life da ke Pittsburgh a Amurka. A ranar Yom Kippur ta 2019 wani ya yi yunƙurin fasa ƙofar majami'ar birnin Halle a Jamus. Idan aka tambaye ka suna da wanda ya gayyace ka, ko aka duba jakarka, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. A Yom Kippur kuma wasu majami'un sai da tikitin kujera saboda cinkoso.

Wace irin sutura? Ana cire takalmi?

Sutura ta mutunci, mai rufe kafaɗa da gwiwa. Ba dole ba ne baƙaƙen kaya. A Yom Kippur ma farare aka fi sawa, kuma masu ibada ba sa sa takalmin fata a ranar, shi ya sa za ka ga mutum da kwat da takalmin roba. Namiji yana rufe kansa ko da ba Bayahude ba ne. Akwai kwandon ƙananan huluna, kippa, a bakin ƙofa, amma hularka ta gida ta wadatar. Mayafin addu'a mai geza, talit, na Yahudawa ne, idan aka miƙo maka ka yi godiya ka ce kai baƙo ne. A majami'un Otodoks maza da mata ba sa zama tare, akwai shamaki ko bene na mata, matan aure kuma suna rufe gashi. Kada ka miƙa wa wadda ba jinsinka ba hannu sai ita ta fara miƙowa.

Takalmi ba a cirewa a mafi yawan majami'u. Akwai 'yan wurare da ake cirewa, kamar tsohuwar majami'ar Ghriba a tsibirin Jarba na Tunisiya.

Waya da hoto fa?

Yizkor kullum a ranar idi take faɗowa, kuma a ranar idi da Asabar masu riƙon addini ba sa taɓa waya, ba sa rubutu, ba sa riƙe kuɗi. Ka kashe wayarka gaba ɗaya, ka bar ta a aljihu. Babu ɗaukar hoto. Shi ya sa ma sadakar Yizkor alkawari ce, sai bayan idi ake biya. Littafin addu'a kuma ba a ajiye shi a ƙasa, idan ya faɗi sukan ɗauka su sumbace shi. A Yom Kippur jama'a na azumin kusan awa 25, ba ci ba sha, don haka kada ka shiga da ruwa ko cingam.

Yaushe zan tashi tsaye? Zan iya cewa Amin?

Idan aka buɗe akwatin da ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura, kowa na miƙewa, kai ma ka miƙe. Lokacin Kadish kuwa ya danganta. A yawancin majami'un Ashkenazawa jama'a na tsayawa, a wasu masu makoki kaɗai ke tsayawa don a gane su, Safardawa galibi suna zaune, a majami'un Rifom kowa na tashi ya karanta tare. A da, a Jamus, mutum ɗaya kaɗai ke karanta kowace Kadish, har marayu kan yi jayayya kan wanda ya fi cancanta. Daga baya aka ɗauki al'adar Safardawa ta karantawa tare.

Kai ba za ka karanta Kadish ba. Amin kuwa babu mai hana ka, idan zuciyarka da addininka sun yarda. Idan ba su yarda ba, shirunka ba zai ɓata wa kowa rai ba. Abin da ba a so shi ne magana da na kusa, ko ratsawa ta gaban mai karatu, ko fara tattara kaya don an kusa tashi. Kadish ta marayu takan zo a ƙarshen ibada, daidai lokacin da mutane ke ɗokin fita, kuma maraya yana lura da wanda ya tsaya ya amsa masa.

Me zan ce wa mai makoki?

A kwana bakwai na farko, waɗanda ake kira shiba, mai makoki na gida, zaune a kan gajeriyar kujera, rigarsa a yage, ta hagu wajen zuciya idan iyaye ne, ta dama idan wani makusanci ne. An rufe madubai. Ƙofa a buɗe take, ka shiga ba tare da doguwar gaisuwa ba, ka zauna. Ƙa'idar Talmud ita ce mai ta'aziyya ba ya magana sai mai makoki ya fara, kuma sun ɗauko ta daga labarin Ayuba a littafinsu, inda abokansa suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan zai yi wa wanda ya saba da jera gaisuwa wuya, amma ka daure. Idan ya fara magana, ka bi inda ya nufa. Idan ka san mamacin, ka ba da labarin wani alheri nasa. Ba a son a ce masa ya daina kuka, ko a yi masa bayanin hikimar abin da ya same shi.

Idan za ka tafi, Ashkenazawa na cewa "Allah Ya ta'azantar da kai tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima". Safardawa na cewa "Ta'aziyya ta zo maka daga sama". A Ingila za ka ji ana yi wa mai makoki fatan tsawon rai. Kai ka ce Allah Ya ba da haƙuri, ya isa.

Ranar Asabar ba a nuna makoki a fili. Da yammacin Juma'a mai makoki kan je majami'a ya jira a waje, sai an gama waƙar tarbar Asabar a shigo da shi, jama'a su juyo su yi masa ta'aziyya baki ɗaya.

Mace na iya yi wa iyayenta Kadish?

Tsohuwar tambaya ce. A ƙarni na 17 wani mutum a Amsterdam da ba shi da ɗa namiji ya yi wasiyya 'yarsa ta yi masa, aka kai maganar ga Rabbi Yair Bacharach na Worms. Ya yarda cewa a asali babu haramci, amma ya hana don gudun rushe al'ada. A 1916, Henrietta Szold, wadda ta kafa ƙungiyar mata ta Hadassah a Amurka, ta rasa mahaifiyarta. Su 'ya'ya mata ne zalla a gidansu. Wani abokin arziki ya ce zai karanta a madadinta, ta rubuta masa wasiƙar godiya ta ce wannan nauyi nata ne, ita za ta ɗauka. Yau a majami'un Rifom da Konsabatib babu bambanci, kuma majami'un Otodoks da dama suna barin mace ta karanta daga ɓangaren mata. Wasu har yanzu ba sa bari.

Menene ƙananan fitilun da ke jikin bango kusa da sunaye?

Allon tunawa ne. Kowane suna na da ƙwan lantarki da ake kunnawa a ranar zagayowar rasuwar mai shi da ranakun Yizkor. Ashkenazawa na kiran ranar yarzait, wasu Safardawa na cewa nahala ko meldado. A gida ana kunna kyandir mai cin awa 24 tun daga faɗuwar rana, domin a wurinsu yini daga magariba yake farawa. Sun dogara da ayar littafin Karin Magana da ta ce ran mutum fitilar Ubangiji ne. Da kalandar Ibraniyawa ake lissafi, wadda ke bin wata amma ake ƙara mata wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19, shi ya sa ranar ke motsawa a kalandar Bature. Mai yarzait kan karanta Kadish, a kira shi gaban Attaura, wani ya yi azumi, wani ya kawo ɗan abin taɓawa ga waɗanda suka halarci addu'ar safe.

In kai furanni?

A'a. Ka kai abinci gidan makoki, bayan ka tabbatar na kosha ne, wato wanda dokar abincinsu ta halatta. 'Ya'yan itatuwa ba su da matsala. Ko ka ba da sadaka da sunan mamacin. Sukan ba da 18 ko 36 ko 54, saboda haruffan kalmar "hai", mai rai, lissafinsu 18 ne. A maƙabarta kuma ƙaramin dutse ake ɗorawa a kan kabari, a wanke hannu idan an fito.

Wanda ba a san ranar rasuwarsa ba fa?

Danginsa su zaɓi rana ɗaya su riƙe ta duk shekara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan tambaya ta zama ta dubban gidaje, domin waɗanda aka kashe a sansanonin 'yan Nazi na Auschwitz da Treblinka da ramukan kisan gilla na gabashin Turai ba su da kabari, kuma da yawansu ba a san ranar da suka mutu ba. Majalisar manyan malaman Isra'ila ta ware ranar 10 ga watan Tebet, wadda dama ranar azumi ce kuma takan faɗo a Disamba ko farkon Janairu, ta zama ranar Kadish ta kowa da kowa. A ranar, wanda bai san lokacin da aka kashe iyayensa ko kakanninsa ba yakan kunna kyandir, ya je majami'a, ya miƙe tare da sauran marayu.